Awara a Hannun Ƙarfe

Ƙarfe biyun dare a Daejeon,
ƙanƙara na lasar tagar ɗakin gwaji.
Daga ni sai Maeng Du-sik sai hannun ƙarfe
mai yatsu uku.
A faranti, awara ta ashirin da bakwai.
Ya miƙa, ya damƙa,
ta tsiyayo ta tsakanin yatsunsa.
Du-sik ya ce, gobe ma miyar awara ke nan.

Ba mugunta ba ce, kurma ne a yatsu.
Wanda bai ji ba, ina zai san ya isa?

Akwai abin da in ka matsa shi
yakan amsa da ɗigon lantarki,
ba batir, ba roƙo,
matsin kansa shi ne maganar.
Tangaran ya iya wannan, muryarsa ƙarau,
amma lanƙwasa shi kaɗan, ya ce ƙas.
Roba kuwa ta bi gwiwa, ta bi wuya,
sai dai raɗa take yi,
raɗar da ƙarar firji ma ke haɗiyewa.
Shekara huɗu ina sasanta su:
mai murya ba ya sunkuyawa,
mai sunkuyawa ba ta da murya.

Na niƙa tangaran ya fi gari laushi,
na dama shi a cikin narkakkiyar roba,
na ja zare da ƙarfin wuta,
zaren da gashin kaina ya zama gungume a gefensa.
Na gasa, na jera ƙwayoyinsa su dubi gefe guda,
don in kowa ya fuskanci inda ya ga dama
ihun wannan ne ke kashe na wancan.
Wasu sun dunƙule, wasu sun yage.
Na ɗari da tara gumin yatsana ne ya kashe shi.

Babana, Pyo Man-bok,
shekara arba'in yana yanka awara a kasuwar Jungang.
Babban yatsa kawai yake ɗorawa
ya ce wannan ta kwana, wannan ruwa ya yi mata yawa.
Ban taɓa ganin ya fasa ko ɗaya ba.
Da na faɗa masa aikina sai ya yi dariya:
kuɗin gwamnati, don ƙarfe ya koyi
abin da yaron shagona ya koya a mako?

Na ɗari biyu da sha uku
bai fi ɓawon albasa kauri ba.
Muka liƙa shi a yatsun ƙarfe.
Hannu ya sauko, ya taɓa,
layin allo ya ɗan ɗaga gira,
hannu ya tsaya.
Ya ɗauka. Awara na rawa a sama, ba ta fashe ba.
Du-sik bai yi ihu ba,
zama ya yi a ƙasa, ya cire tabarau.

Ranar Lahadi na kai wa Baba ragowar yanki,
na manna masa a wuyan hannu,
inda likita ke laluben abin da ke tsallen bugu.
A wayata jininsa ya fara rubutu:
tudu, kwari, tudu,
sai wani ɗan shiru da ban so ba,
sannan tudu.
Ya leƙa ya ce, ashe haka nake a ciki.

Bayan awa ɗaya ya ɓare shi.
Ƙaiƙayi, ya ce. Fata tana numfashi,
taki ba ta yi.

Na naɗe shi a takardar awara.
A bas ina ta lissafin ƙananan huji,
nawa zan huda iska ta wuce
ba tare da muryar ta zube ba.
Na ɗari biyu da sha huɗu, Litinin.