Zaren Awo

Duk shekara, in masara ta fid da kai
a gangaren duwatsun Huehuetenango,
Herlinda kan tsai da 'yarta jikin ƙofa:
"Miƙe, Floridalma, ban da ɗage."
Ta jawo jan zare daga masaƙarta,
tun daga diddige har tsakar ka,
ta datse da haƙori.

Zaren kan bi mai kai saƙo,
cikin ƙullin gahawa da barkono,
ya ƙetare iyaka biyu
ba wanda ya ce masa, ina takarda?
Zare ya fi mutum gata.

Can Nebraska, a mayankar shanu,
inda sanyi ke cin ƙashi ko da bazara,
Eusebio na riƙe da wuƙa tun duhun asuba.
Sunan da ke kan katinsa na wani ne,
in an kira sai ya yi jim kafin ya waiga.
Da dare yatsunsa kan ƙi miƙewa,
ya danne su da cinya har barci ya zo.

Su shida a ɗaki, katifa uku,
na dare su gaji ɗumin na rana.
Bisa kansa ƙusa ɗaya,
zare takwas na reto.
Na farko bai wuce cinyarsa ba.
Na bara ya taɓa masa ƙirji.

Ya taɓa saya mata takalmi da kuɗin aikin Lahadi.
Kafin kwali ya isa, ƙafa ta yi gaba.
'Yar maƙwabta ce ta more shi.

Gida kam ya tashi.
Bene hawa biyu, shuɗin fenti, tagogin gilashi,
rodi tsirara a sama suna jiran hawa na uku.
Ɗakin da aka shimfiɗa wa tayil dominsa
buhunan wake ke kwana ciki.
Ita har yau tana tsohon madafi, gefen murhu,
wai sabon gida yana maimaita mata tarinta.

A bakin famfo mata kan ce,
"Ke kin haye, dala na sauka."
Sai ta gyara tulu, ta yi murmushi.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ita ce shuka, ita ce girbi,
ita ta rufe idon surukinta.
Ran jana'iza ta ɗaga waya sama da kawunan jama'a,
ya kalli akwatin ubansa daga lungun ma'aikata,
hutun minti goma sha biyar,
sai ƙararrawa.

In ya fito, ƙofa ta rufe ke nan.
Hamadar da ya taka sau ɗaya
ta ƙara tsada, ta ƙara ƙasusuwa.
"Baɗi," yake cewa.
Baɗi ta haifi baɗi, har ta yi jika.

Bana yarinya ta ƙi tsayawa.
Ta harɗe hannu, ta kalli uwar:
"Kullum nawa ake kaiwa.
Shi fa? Ina nasa?"

Wata biyu, sai ga ambulan.
Ba wasiƙa, ba hoto,
farar igiyar ɗaure nama ce, a naɗe,
da ƙulli ɗaya a wuya, inda hannu ya kuskure.

Suka kafa ƙusa, suka rataye ta a ƙofa.
Floridalma ta tsaya kusa, ta ɗaga kai.
"Ashe ba dogo ba ne."

Da yamma iska ta sauko daga dutse,
igiya ta motsa.
Kare ya tashi, ya shinshina,
bai yi haushi ba,
bai kuma kaɗa wutsiya ba.