Labarin Mako Daga Saman Shagon Tela

Mu uku ne, sai fanka mai gurnani,
a bene, Ƙofar Ƙaura.
Ƙasa keken ɗinki, sama kwamfuta,
kowa da irin ɗinkinsa.

Albishirinku:
akuyar wasanmu ta daina ratsa bango.
Kwana tara Nafi'u na farautar kuskuren,
ashe waƙafi ɗaya ne,
tsakuwa a shinkafa.

Barira ta sake zana mai ƙosai.
Na farkon ya yi kama da gwaggonta,
kuma gwaggon ta gani.

Kukan akuyar kuwa, ku rufa mana asiri.
Mun bi ta maƙwabta da waya har la'asar,
ta yi gum kamar wadda ake bi bashi.
Tanimu mai shayi ne ya yi mana,
ladansa kati na ɗari biyar.

Ranar Talata aka ɗauke wuta
kafin mu adana aikin yini.
Ba wanda ya ce uffan.
Na sauka na sayo rake.

Daren jiya allo ya nuna
mutum goma sha bakwai suna wasa.
Sha shida mun san gidajensu.
Ɗayan, daga garin da harshenmu ya kasa furtawa,
ya kai mataki na takwas,
ya faɗa kwata sau arba'in,
yana tashi, yana dawowa.

Kai baƙo, ko wane ne kai,
mun ga wahalarka.
Nafi'u ya rage faɗin kwatar.
Buɗe shafin gobe da safe,
akuyarka na nan, ɗaure a inda ka bar ta.