Shaidar Ruwa

Shekara talatin da ɗaya ina biyan haya a Mabera,
ko zogale ban taɓa dasawa ba,
mai gida ya ce saiwa tana fasa gini.
Ran da kuɗin sallamata suka fito
ban gaya wa kowa ba, na hau motar Wurno.

Arzika dillali ya tare ni bakin hanya,
bakinsa ya riga ƙafarsa isa gidan.
"Ɗaka ukku, Malam, ga rijiya, ga magarya,
ka buɗe ƙyaure ka ga gulbi awa kai ka kira shi."

Na buɗe, na gani.
Rima na kwance, bai ko ɗaga kai ba.
Shinkafa ta cika fadama har inda ido ya gaji,
wani na ɗinkin koma a inuwar jirginsa,
iska ta zo da warin albasa da ɗanyen kifi.
Zuciyata ta biya kuɗin tun ban taya ba.

Sai a ɗakin tsakiya na ga wani layi,
baƙi-baƙi, ya zagaye bango kamar ɗamara.
Na tsaya jikinsa, ya zo mini daidai aljihun gaba.
Arzika ya ce aikin yara ne,
ya shiga yabon azara.

Ta kan katanga wata tsohuwa ta yi gyaran murya,
Inna Hajo, hannunta duk dusa.
"Nan ruwa yat tsaya, yaro.
Kwana tara munka yi bisa tudu
muna kallon rumbunanmu suna narkewa awa gishiri.
Jelani mai gidan ga shi yaf fara komowa,
da kwandon laka bisa kai.
Yanzu ya kwanta dama, ɗiyanai sun tai birni,
kowa rabonai yaka jira."

Ta nuna mini wata ƙofar ƙarfe, shuɗiya,
kwaɗo ya yi tsatsa a bakinta.
"Wancan ma ɗan birni ne yas saye.
Sallah zuwa Sallah muka ganinai.
An yi mutuwa huɗu cikin shiyyar ga, ba ya ko ɗaya.
Tun da yab biya abin da yab biya
samarinmu ko kango ba su iya tayawa.
Kai, zama kaka yi, ko kai ma kwaɗo za ka aje muna?"

Ban amsa ba.
Na ga ƙaramin ɗan Jelani tsaye gindin magarya,
Modi, wanda bai tafi ba,
yana kallon takalmina, ni ina kallon ƙasa.
A nan aka binne cibiyarsa,
ni kuwa tef na zo da shi a aljihu.

Na yi magariba da su.
Sahu biyu, rabinsa furfura.
Liman ya tambayi sunan mahaifina, ya maimaita shi sau biyu
kamar mai gwada ko zai zauna a baki.
Sauro ya karɓi nasa kafin alƙalami.

Waya ba ta kamawa sai kan tudun nan,
tudun da ya riƙe su kwana tara.
Na hau, na kira Luba.
Na ce mata asibiti da nisa, hanya tana yankewa da damina,
na gaya mata layin, da Modi, da shuɗiyar ƙofa.
Ta yi shiru har na duba ko ta katse.
Ta ce, "To zogalen fa, akwai wuri?"

Akwai.
Ƙasar nan ko tsinke ka soka sai ya yi ganye.

Na ce wa Arzika ya ba ni mako.
Ya ce akwai wani mai so daga Gusau.
Na ce a gaishe shi,
ya zo ya tsaya jikin bangon shi ma.