Shekarun Ruwan Dukku

Kwalabe goma sha bakwai na jera a bayan mota,
kowace da sunanta a wuya, da jan biro:
Rijiyar Kwari. Burtsatsen Asibiti. Tafkin bayan gari.
Na cika su har baki, ban bar wa iska masauki ba,
don iska 'yar tsegumi ce, takan sauya wa ruwa magana.

Baffa Hammayo na zaune kan kifaffen turmi yana kallona.
Gaba arba'in ya taɓa nitsawa cikin ƙasar nan
da igiya a ƙugu, da fitilar da ke mutuwa a rabin hanya.
Ya ce, 'Yar nan, laifin me ruwa ya yi
da za ki kai shi gaban alƙali?
Na ce, Tambaya biyu ce kawai, Baffa:
daga ina, kuma tun yaushe.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, Shekara hamsin ina sallama a ƙofarsa,
bai taɓa gaya mini sunan ubansa ba.

To, ruwa ba ɗaya ba ne, ko da ido ya rantse.
Cikin kowane ɗigo akwai 'yan'uwa masu suna guda,
sai dai wani ya ɗara wani nauyi, kamar tagwaye a sikeli.
Isotof muke kiransu a wurin aiki.
In hadari ya yi lodi a teku, can kudu, ya nufo mu,
masu nauyi ke fara sauka a tashoshin farko,
marasa nauyi su daure, su zarce arewa.
In rana ta lashi tafki, marasa nauyin take kwasa,
sai ruwan da ya kwana a fili ya tashi da tabo.
Akwai kuma wani mai ƙirga kwanaki a ɓoye,
yana ƙarewa a hankali kamar sabulu a kwando.
Daga guntun da ya rage muke karanta tsufa.

Wata uku, takarda ta dawo.
Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Rijiyar Kwari yarinya ce, daminar da ta haife ta ba nisa,
har yanzu da ƙamshin tafki a jikinta.
Amma na burtsatse,
wanda inji ke zuƙowa tun asuba,
wanda 'yan garuwa ke layi a kansa da jarkoki,
wannan ya sauka tun wurin nan ba shi da suna,
tun ba wanda ya kafa turke ya ɗaure saniya.
Na nemi sawun sabon ruwa a bayansa,
sai ɗan abin da bai cika cokali ba.

Da la'asar na same shi zai yi alwala.
Na faɗa masa yadda takarda ta faɗa, ban rage ba.
Ya kurɓi na buta, ya juya shi a baki,
ya daɗe bai haɗiye ba.
Ya ce, Ashe rumbu muke ɗiba.
Ni duk zatona gona ce.

Ban ce komai ba. Inji na ta ruri a bayan katanga.

Da ya gama, sauran da ke gindin buta
ya tsiyaye shi a ƙasa, a hankali, wuri guda,
ya tsaya har yashi ya shanye, duhun wurin ya fara kwaɗewa.
Ya ce, Wannan fa, yaushe zai isa?
Na ce, In ma ya isa, Baffa, ba ma nan.
Ya ce, To.
Ai wanda muke sha ma, ba ma nan aka aiko shi.

Gobe, in ji shi, in zo da fartanya.
Bakin tafki ya cushe da leda tun bara.