Gurbi Goma Sha Shida

Sahura ta aza kwamfutarta bisa akwatin aikina,
ta ture basilla da jar fata gefe,
ta ce, Kaka, kafin kuran ya ɗauke
ba ni suna goma sha shida.
Wasa take ginawa, irin na cikin salula,
inda mutanen da muka binne za su sake ɗaura walki,
yaran Garin Malam su juya su da babban yatsa.

Goma sha shida, wai.
Ni da hannuna ya ɗinke layun fiye da ɗari,
na san ƙugun kowa, na san warin zufarsa,
na san wanda ya biya da wanda ya ce sai kaka.

Mato Ƙarfe ya shiga ba gardama.
Garba Kututture, shiga.
Illo Tsinke, wanda iska ke kaɗawa a hanyar Dole
amma a fili ya nannaɗe ƙato kamar tabarma.

Ta ce, ƙarfinsa nawa cikin ɗari?
Na ce, yaushe?
In hatsi ya shigo rumbu, casa'in.
In bazara ta yi nisa, ya kwana kan ruwan kanwa,
sa arba'in, kuma ko haka kar ki tsaya gabansa.
Ta duba allon, ta sake dubawa.
Babu ramin da aka bar wa yunwa.

Nomau na hanyar Mirriya fa?
Shekara tara yana shiga, bai kā da ko jaki ba,
sai dai in ya ɗaga hannu ya fara kirari
masu tuya kan bar mai ya ƙone.
Ta ce lissafinsa sifili ne.
Na ce rubuta shi, fili ba ya cika da gwanaye kaɗai.

Ɗan Jimma na so in tsallake.
Kowa ya san abin da yake shafawa a tafi,
idon mutum uku ya yi ruwa a hannunsa.
Ta yi dariya, ta ce wasa na son wanda za a ƙi.
To. Allah Ya ji ƙansa, ya samu aiki.

Bagaje ba shi da hoto ko ɗaya.
Na ce wushirya, na ce tabo a gira,
wuya kamar turmi, kunnen hagu a naɗe.
Ta zana, ta juyo mini da shi,
sai ga ƙanena Lawali yana dubana.
Ban gyara mata ba.

Muka kai sha biyar, la'asar ta sauka kan duwatsun Birni,
mai kurar ruwa ya wuce bai tsaya ba.
Waɗanda na bari suna tsaye a bakin zaure,
ba su ce komai ba,
irin shirun mai bin bashi da ya san gidanka.

Saura ɗaya, Kaka.

Akwai wani.
Sau ɗaya tak na taɓa shiga fili,
kakarki Tsahara na can cikin 'yan mata da farin kallabi.
Ban ji an kama ni ba, sama kawai na gani,
da ƙarar ƙashin nan da har yau ke gaya mini zuwan damina.
Daga ranar na zauna na koyi zare da fata.
Shekara hamsin ina ɗinka wa kowa, ban da shi.
Ko gaisuwar mutuwarsa aike na yi.

Kuran ya ɗauke.
Hasken allon kaɗai ya rage a fuskarta.

Na ce, Jigo ɗan Uwani.
Ta rubuta. Ƙarfi?
Gaskiya bai fi saba'in ba,
gwiwarsa ta dama ma ba ta da kirki.

Na ce, sa ɗari.