Jajiberin Komawa Makaranta a Cedros

Gobe Litinin, gobe ake komawa.
Ruwan Satumba na dukan kwanon rufi,
ni kuwa ina teburin kicin da almakashi,
shayina ya huce tun ɗazu ban kula ba.

Yara talatin da ɗaya, in ji takardar ofis.
Ba su san Sifaniyanci ba
sai abin da suka tsinta a bakin masunta
wurin cinikin kifi a gaɓar teku,
rabinsa kuwa zagi ne.

Bara da jadawalin aikatau na fara.
Kafin a kaɗa ƙararrawa yayan Kerwin ya yi barci,
baki buɗe kamar kifi a kwando.
Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani zai ja da baya.
Bana nahawu zai jira a waje tukuna.

Na yanka kwali na rubuta puerta, in manna a ƙofa,
ventana a taga,
silla a bayan kujerar nan mai ɗingishi.
Gara ɗakin ya riga ni buɗe baki.

Na tono ƙwallon jan zare a kwandon kakata.
Za mu yi da'ira.
Mai riƙe da zare ya ce me llamo, ya faɗi sunansa,
ya cilla wa na can,
har mu saƙa koma a tsakar aji.
'Ya'yan masunta ne, ba sai na yi dogon bayani ba,
sun san abin da ƙulli ɗaya ke jawowa in ya kwance.

Minti goma ga gaisuwa.
Minti bakwai kowa ya rera ƙirga shi kaɗai.
A'a, na soke wannan.
Shivana za ta nutse don kunya,
na koyar da yayarta, haka gidansu suke.

Sai na sake bin jerin sunaye da yatsa.
Na ƙarshe da biro aka ƙara shi, a karkace:
Yusmary Bermúdez.

Na ajiye almakashi.

Daga gaɓarmu, ranar da gari ya yi garau,
ana hango ƙasarsu kwance kan ruwa kamar hayaƙi.
Da harshen nan uwarta ta lallashe ta a goye,
da shi take mafarki, da shi take faɗa da ƙanenta.
Ni kuwa a littafi na same shi, da kaset,
da wata shida a Mérida, yau shekara ashirin.
Gobe in tsaya gabanta in nuna ƙofa in ce puerta?
Ɗan kada zan koya wa iyo?

Ko in naɗa ta mataimakiyata?
'Yar shekara sha biyu, baƙuwa, ranar farko,
in tsayar da ita ido sittin su cinye ta ɗanya?
Ba da ni ba.

Na kifa kwalayen ɗaya bayan ɗaya,
na rubuta Turancin kowanne a bayansa,
don ita ma akwai ƙofar da ba ta san sunanta ba.
Na ware farare guda goma, ban sa musu komai ba.
Ba zan kira sunan kowa ba, zan dai ce:
wanda ya san kalmar da ban kawo ba,
ga biro nan kan tebur, ba sai ya ɗaga hannu ba.
Mai yiwuwa Kerwin ya rubuto na masunta,
na tanadi kwandon shara.
Mai yiwuwa ita ba za ta taɓa biron ba har Disamba.
Ba gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ruwa ya tsagaita, kwaɗi sun karɓi dare.
Kwali ɗaya ya rage, na bakin ƙofa.
Sai da na gama na lura da abin da hannuna ya yi:
bienvenida,
maraba ga mace ɗaya, ba ta jama'a ba.
Na miƙa hannu zan gyara, sai na fasa.

Na cusa shi a jaka tare da zaren.
Da safe in ba a manta ba
a biya shagon Boodoo, gam ya ƙare.