Mai Ƙanƙara Ya Zaɓi Dutse

A Garwa, tsakiyar bazara,
rana ta sauko ta zauna bisa kwanon shagona.
Ni ne Tanimu mai ƙanƙara, na bakin kasuwar Yelwa,
ina lulluɓe hajata da buhu da dusar katako
kamar mai jinyar da ya san
majinyacinsa ba zai kai la'asar ba.

Sai waya ta yi ƙara.
Ilu ne, autanmu, daga Japan,
shekara huɗu ke nan yana karatun injuna.
Ya ce, "Yaya, ga duwatsu uku, zaɓi guda.
Ran da Allah ya kawo ka, can zan kai ka sulu."

Sulu! Da furfurata?
Na goge hannu a riga, na buɗe hotunan.

Na fari sunansa Niseko.
Fari fat, ba iyaka, kamar an zazzage
duk audugar da aka taɓa aunawa a ƙasar nan.
Mutum ya ɗaura katako biyu a ƙafa
ya nutse har ƙugu yana dariya.
Ni kuwa lissafi na kama:
in ƙulli guda sefa hamsin ne,
wannan bawan Allah dukiyar nawa yake tattakewa?
Kaina ya sara. Na wuce.

Na biyu Zawo.
Itatuwa sun sha ƙanƙara sun kumbura sun sunkuya,
sun yi sahu kamar fatalwu a bakin maƙabarta.
Hammajoda mai shayi ya leƙo ta kafaɗata,
ya ce, "A'uzubillahi, kada ka je nan."
Ban yi masa musu ba.

Na uku Nozawa.
Ƙauye ne, lunguna matsattsu, hayaƙi na tashi.
Ilu ya ce ruwan zafi ke ɓulɓulowa daga ƙasa,
ba itace, ba gawayi,
tsofaffi na dafa ƙwai a ciki.
In ka gama faɗuwa a kan dutse
sai ka je ka jiƙa ƙasusuwanka.
Na duba gwiwata ta hagu,
wadda ke gaya mini zuwan damina tun kafin hadari.
Ta ce, nan.

Amma ban amsa da wuri ba,
don wani gangare ya faɗo mini a rai,
wanda ba shi a hotunansa.
Gaɓar Binuwai, ƙasan gada, bayan ruwa ya janye:
jarka muka tsaga biyu,
na zaunar da shi a gaba, shekararsa biyar,
na ce riƙe gam, kada ka rufe ido.
Muka sulala, laka na fallatsa,
muka dungura gab da masu wanki.
Haƙorinsa ɗaya ya zauna a can.
Inna ta zane ni da bulalar darbejiya,
shi kuwa, baki duk jini, cewa yake, "A ƙara!"

Ashe tun ran nan bai tsaya ba.
Ni na tura shi,
gangaren ne ya yi tsawo.

Na danna waya na ce, "Nozawa, Ilu.
Kai ka hau allonka ka yi ta yankan iska,
ni a bar ni da tsofaffi da ƙwai.
Sai dai ka tambayar mini mai garin:
idan bazararsu ta zo, ta narke,
wa ke ɗaukar asarar?"

Kafin saƙon ya tafi aka ɗauke wuta.
Firji ya yi tari, ya yi shiru.
Wata yarinya ta miƙo hamsin,
na ba ta ƙulli biyu,
ta dafa ɗaya a wuya, ta ruga
ruwa na bin gwiwar hannunta.